Alli a Kan Taya

Motar ta gangaro da baya ne, babu kowa a cikinta, maƙare da tayil. Ta baro wurin sauke kaya da ke tsakiyar layin, ta wuce manyan shaguna ba ta taɓa ko ɗaya ba, sai da ta kai ƙarshen gangarar ta zaɓi rumfar wanda ya fi kowa talauci a wurin, wato Baba mai gyaran agogo, ta niƙe teburinsa, ta karya masa ƙugu. Kafin Mai Sawu ya iso an kai tsohon asibiti, an kai direban ofishin 'yan sanda, mutanen layin kuma sun gama shari'a a bakin shagunansu, sun yanke hukunci, saura kawai alƙali ya sa hannu.

Mai Sawu ma'aikacin wani kamfanin inshora ne. Ilimin safiyo ya karanta, amma abin da yake ci da shi karanta abin da taya da takalmi suka bari a ƙasa bayan hatsari. Ya fi yarda da kwalta a kan mutum, domin kwalta ko za ta ɓoye maka abu ba ta farawa da rantsuwa.

Ran nan ba kamfani ne ya turo shi ba. Ƙanwarsa ce ta kira shi, wadda duk gidansu ke ce wa Auta, domin direban da ke bayan kanta mijinta ne. Shagon ɗinkinta yana nan a layin, daura da wurin sauke kayan. Ya same ta zaune gaban keke, ƙafarta a kan feda amma ba ta takawa. Iska na buɗe ƙofar shagon tana mayarwa, ƙofar na ta bugun bango.

"Yaya, sun ce kotu za a kai shi. In tsohon nan bai tashi ba kuwa, sai gidan yari."

"Shi me ya ce?"

"Ya ce ya manta bai sa waji ba."

Waji shi ne katakon da direbobi ke tokare taya da shi a gangara. Mai Sawu ya taɓe baki. Bai taɓa son mijin nan ba: mutum mai dariya da ƙarfi, mai cin abinci a tsaye, wanda ba ya ƙarasa magana sai ya shafa ƙeya. Tun lokacin auren ya faɗi ra'ayinsa, aka ce ya riƙe kayansa. Auta kuwa ita kaɗai ce a duniya ya keɓe daga raininsa. Bayan rasuwar mahaifinsu a hannunsa ta tashi.

"To ai ya rage wa kowa wahala," ya ce.

"Ka dai duba ƙasa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Abin da na roƙe ka ke nan. Ka duba yadda ka saba."

"A gyara ƙofar nan," ya ce yana fita. "Ta cika min kunne."

* * *

Wurin sauke kayan wani akwati ne da aka zana da fenti mai ruwan ɗorawa a gefen titi, daidai inda gangarar ta fi tsayi. Duk wanda ya zaɓi wurin, Mai Sawu ya tabbata a kan tebur ya zaɓe shi, ƙarƙashin fanka. Jami'in da ke kula da wurin yana tsaye a gefe, riga mai ƙyalli ta matse masa ciki, aljihunsa fari fat da garin alli. Ofisa ake ce masa, shi kuma yana amsawa da dukan ƙirjinsa.

"Rabin sa'a ne, yallaɓai," ya ce. "Mota na tsayawa sai in zo in ja alli daga jikin taya zuwa kwalta, layi ɗaya. In na zagayo na tarar layin na nan a haɗe, ba ta motsa ba ke nan, sai in kira janwe ya ja ta. Janwe ya ja ka sau uku, ka rasa izinin sauke kaya a cikin gari."

"In mutum ya sa yatsa ya goge allin fa?"

Ofisa ya ja da baya kamar an zagi mahaifiyarsa. "Wannan ai ɓata alamar hukuma ne. Ba a taɓa yi ba a layin nan. Mutanen nan suna da tarbiyya."

"In ka tarar layin ya rabu?"

"To mota ta motsa. Sabon zuwa ne, sabon lokaci."

"Ko da taku ɗaya ta motsa?"

"Doka ba ta faɗi taku nawa ba," in ji Ofisa, ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba.

"Kana ina lokacin da ta gangara?"

"Na juya baya, ina duba can sama."

"Me ke can sama?"

"Aiki."

Mai Sawu ya bar shi da aikinsa ya tsuguna. Man da motoci suka yi shekaru suna ɗigarwa ya tausasa kwaltar wurin, ta zama kamar danƙo, tana riƙe duk abin da ya danne ta. Rabin layin alli na nan a ƙasa. A bayansa kaɗan ga sabuwar shaida mai kusurwa, ta nutse sosai: wurin zaman waji, da nauyin mota a kansa. Mutumin da ya manta bai sa waji ba ya sa shi, ya kuma sa shi daidai. Daga gefen shaidar wani karce ya fita a kaikaice, kamar an doke abu ya zame. Ban da waɗannan, kwaltar cike take da tsofaffin lotsi, biyu-biyu, taku guda tsakaninsu. Ya daɗe yana kallonsu bai gane abin da suke nufi ba, abin ya ba shi haushi.

* * *

A harabar ofishin 'yan sanda ya fara tsayawa wurin motar, ya leƙa bayan kujera, sannan ya shiga ciki. Aka fito masa da Direba, ba takalmi, fuska ta zurma.

"Yaya, sannu da zuwa."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ina wajinka?"

"Yana bayan kujera. Ban fito da shi ba."

"Na gan shi. Na ga ɗanyar kwalta a cikinsa, na ga sabon rauni a gefensa, irin na ƙarfe. A wane giya ka bar motar?"

"Furi."

"A gangara, da tayil, da birkin hannun da tun bara kake cewa za ka gyara."

"Mantuwa ce, Yaya."

"Ka tuƙa mota tun kafin gemu ya fito maka, yau ka manta waji, ka manta giya, sannan wajin ya fita da kansa ya kwanta a kwalta ya dawo bayan kujera. Ko ƙarya za ka yi, ka yi wadda aka ɗan yi wa kwalliya mana."

Direba ya shafa ƙeya. "'Yan dako ne ba su zo ba, na zaga layin baya in nemo su. Ina dawowa na ji ihu. Ni ne, Yaya. Na faɗa musu, sun rubuta. Don Allah ka bar maganar nan a inda take."

"Sau nawa janwe ya ja ka?"

"Biyu."

Mai Sawu ya tashi. A ransa ya gama lissafi: wani mai ƙarfi a layin ya yi wa sakaran nan alkawari ko barazana, shi kuma ya miƙa wuyansa kamar rago. Bai yi mamaki ba. Abin da ya dame shi ƙanwarsa ce za ta riƙa kai abinci gidan yari saboda wautar wani.

* * *

Raɗe-raɗin layin sun fi karkata kan mai kemis, wanda ake ce wa Dakta ko da yake bai taɓa leƙa ajin likitanci ba. Shi ne shugaban kwamitin masu shaguna, kowa kuma ya san ya tsani motocin da ke tare masa fuskar shago. Babbar tagarsa na kallon wurin sauke kayan kai tsaye. Ƙofarsa a tokare take da wani gwangwanin fenti da aka cika da siminti.

"Ni na nemo wa layin nan doka," in ji Dakta, yana gyara farar rigarsa. "Kafin ni, nan daji ne. Ni mutum ne mai tsari. In zan yaƙi mota, da biro zan yaƙe ta."

"Me ka gani?"

"Ina auna wa wata mata hawan jini."

"Da ido ake aunawa?"

"Da natsuwa, malam."

Mai Sawu ya dubi hannuwansa, masu laushi kamar na jariri. Ba waɗannan ne suka doke waji daga ƙarƙashin mota ba. Mutumin yana ɓoye wani abu, amma ai duk wanda ya gaisa da shi tun safe yana ɓoye wani abu.

Mai tayil, wanda aka kawo wa kayan, ya fi ba shi fata. Gumi yake yi a inuwa, yana amsa tambaya tun kafin a gama ta. A bayan ƙofarsa wani guntun rodi na jingine, bakinsa da ɓurɓushin katako.

"Wannan fa?"

"Rodi ai na kowa ne a layin nan. Aro ake zuwa yi."

"Wa ya ara yau?"

"Wallahi ban dubi fuska ba."

"Mutum ya shigo shagonka ya ɗauki ƙarfe, ba ka dubi fuskarsa ba."

"Ina da kunya, yallaɓai."

Da Mai Sawu zai fita ya yi tuntuɓe da kututturen da aka tokare ƙofar da shi. Ya duba, ya ga zanen taya a jikinsa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kututturen tokare ƙofa, me ya haɗa shi da taya?

* * *

Baba mai agogo ne ya ba shi amsa, a gadon asibiti, domin shi kaɗai ne a layin ba shi da sauran abin da zai rasa.

"Mirgine muke ce masa, ɗana," ya ce da ƙyar. "In lokaci ya kusa cika, ba a gama sauke kaya ba, sai mai shago ya ɗauko abin tokare ƙofarsa ya ajiye taku ɗaya bayan taya. A sa mota a furi, a doke waji, ta mirgino ta zauna a kan sabon. Alli ya rabu, Ofisa ya zo ya ja sabo. Kowa ya bi doka."

"Ba wanda ya taɓa tunanin abin zai ƙwace?"

"Ni na yi. Ni ne a ƙasan gangara." Ya rufe ido. "Ban ga wanda ya yi na yau ba. Kaina na cikin agogon wani. Ka ce musu agogon ma ya tafi, kada mai shi ya zo min nan."

Mai Sawu ya fito. Mutanen da ba za su iya sa babban yatsa su goge layin alli ba, saboda tarbiyya, su ne ke sakin mota a kan gangara da tsakar rana, su koma shago da zuciya fes.

* * *

Rana ta karkata lokacin da ya koma wurin, haskenta na kwance a kan kwalta, irin hasken da yake so. Yanzu ya san abin da yake nema. Taku ɗaya bayan shaidar waji, an share wurin. A duk tsawon layin nan mai cike da leda da ɓawo, nan ne kaɗai tsintsiya ta taɓa. Amma tsintsiya ba ta shiga tsaga. A cikin tsagogin kwaltar ya ga jan gari.

Jan bulo ne aka ajiye wa taya, nauyin tayil ya hau shi ya mai da shi gari ya wuce. Ya bi sawun motar zuwa ƙasa, duk inda tayar ta zagayo ta bar ɗan jan tambari, yana dusashewa a hankali. Kusa da inda rumfar Baba take, a bakin kwata, ya ga wani ƙyalle a manne, taya ta goge shi ya zama kamar takarda. Ya ɗago shi. Ba tsumma ba ne. An ɗinke shi kamar 'yar jaka, cikinsa duk jan gari. Wani ne ya ɗinka wa bulon riga, don kada ya karce ƙafar masu shigowa.

Ya san yadin. Shuɗi ne mai siraran layuka. Da shi aka ɗinka masa rigar da ya sa ranar da ya fara aiki, mai ɗinkin kuma ta ce ragowar ba za ta yar ba, za ta samo masa amfani.

Daga can sama, iska ta sake buga ƙofar shagon ɗinki da bango.

Ya daɗe a tsugune. Hanya a buɗe take, ya kuma gan ta sarai. Ƙyallen zai shiga aljihu. Rodi na shagon Mai tayil, ɓurɓushin waji na bakinsa, mutumin kuma maƙaryaci ne wanda ba wanda zai yi kukansa. In ya nuna shi da yatsa, 'yan sanda za su karɓa, domin sun saba karɓar maganarsa. Ya juya abin a ransa, ya ga yana da kyau, ya ga kuma irin abin da Dakta zai yi ne. Sai ya tuna yadda Auta ta ce: ka duba yadda ka saba.

* * *

Ya tara su a kemis, domin ya fi faɗi, ya kuma kira Sajan da ke riƙe da maganar. Abu ɗaya ya roƙa: kowane mai shago ya zo da abin da yake tokare ƙofarsa. Suka zo suna gunaguni, suka jera a kan kanta da ƙasa: gwangwanin siminti, kututture, tsohon ƙarfen inji, guntun dutse. Auta ta shigo daga ƙarshe, ta tsaya jikin bango, hannunta babu komai.

"Sajan, duba jikinsu," in ji Mai Sawu. "Ƙofofin layin nan duk da taya ake buɗe su."

Ya bayyana mirgine daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya katse shi sai Ofisa, da ya ce shi yau ya fara jin wannan kalma.

"Direba ya sa waji, ya sa giya," Mai Sawu ya ci gaba. "Kwalta ta shaida, wajin ma ya shaida. Bayan ya tafi neman 'yan dako, lokacinsa ya kusa cika, janwe kuma ya riga ya ja shi sau biyu. Wani ya so ya cece shi. Wanda ya saba mirgina motar nan tana ɗauke da katan-katan marasa nauyi, bai san abin da ke ƙarƙashin tamfol yau ba. Da direban ya dawo ya ga abin da ya faru, ya san hannun wa ke ciki, sai ya tsinci wajinsa ya mayar bayan kujera, ya ce shi ne."

"To wa ya yi?" in ji Sajan.

Mai Sawu ya zaro ƙyallen ya shimfiɗa a kan gilashin kanta, ya gyara gefensa da yatsa. Bai dubi bango ba.

"Nawa ne," in ji Auta. "Ni na sa ta a furi, ni na ajiye bulon, ni na doke wajin. Na bi ta da gudu, ban kamo ta ba."

Nan take ɗakin ya cika da salati. Mai tayil ya riƙe baki. Ofisa ya girgiza kai irin na wanda duniya ta ba mamaki. Dakta ya cire tabarau ya ce, a matsayinsa na shugaba, abin takaici ne a ce mace da girmanta ta jawo wa layi mai tsari irin wannan abin kunya.

"Dakta, a miƙo min tsintsiyar da ke bayan firij," in ji Mai Sawu, wanda ya hango ta tun shigowarsa.

Ba wanda ya motsa, sai Sajan ya ɗauko da kansa. Ya buga ta a ƙasa, jan gari ya zubo a kan farin daɓe.

"Ka ga komai ta tagar nan, ka fito ka share, tun tsohon yana kwance a ƙasa. Ba don ita ba. Don kada a tambayi yadda dokarka ke aiki. Kai kuma mai kunya, kai kaɗai ka san nauyin abin da ka yi oda, ka ba ta rodi ba ka ce mata komai ba, domin in janwe ya ja motar da tayil ɗinka zai tafi. Ofisa, wa ya gaya mata lokaci ya kusa?"

"Ni dai wucewa na yi na ce, matar direba, rana ta yi."

"Sannan ka juya baya kana duba aiki."

"Ban goge alli ba," in ji Ofisa. "A rubuta wannan. Ban taɓa goge alli ba."

"A rubuta masa," in ji Mai Sawu. "Duk kun sani tun safe. Kun ga an tafi da mutum ba takalmi, kuka zauna a bakin shagunanku kuna cewa dama direbobi ba su da hankali."

Sajan ya ce dukansu ukun za su biyo shi su ba da bayani. Dakta ya tambaya ko zai iya zuwa a motarsa.

* * *

A hanya Mai Sawu ya jera da ƙanwarsa.

"Kin san zan gani. Me ya sa kika kira ni?"

"Na je ofishin da safe in faɗa, mijina ya yi min rantsuwa in na buɗe baki ba shi ba ni. Ya ce yara sun fi bukatata. Na rasa yadda zan yi, Yaya. Kai kaɗai na sani wanda ba a iya roƙonsa."

Ya so ya ɗauki maganar a matsayin yabo, ta ƙi ɗaukuwa.

Da aka fito da Direba aka ba shi takalmansa, ya ga matarsa zaune a bencin da ya tashi daga kai, Sajan na gyara takarda a gabanta. Bai sa takalman ba. Ya juyo ya dubi Mai Sawu, karo na farko bai shafa ƙeya ba.

"Na ce ka bari, Yaya. Na riga na shirya komai. Na gaya wa ƙanena inda zai riƙa kai yara makaranta, na gaya masa wanda zai sayar wa motar. Ni zan iya zaman can. Ita ko sauro ba ta jurewa. Me na yi maka?"

Mai Sawu ya tsaya yana kallon ƙafafun mutumin, manya, masu faso. Ya yi shekaru yana karanta sawun mutane, wannan ne bai taɓa tsugunawa ya duba ba.

"Sa takalminka," ya ce a hankali. "Je ka wurin yara. Ni zan nemo lauya, zan kuma koma wurin tsohon. Gobe da safe in zo gidanka mu yi magana, in ka yarda."

Direba bai ce ya yarda ba. Ya je ya tsuguna gaban matarsa.

Auta ta miƙo wa yayanta mabuɗin shago, ta ce ta bar shi a buɗe. Ya koma layin shi kaɗai. Tun daga kwana ya ji ƙarar, kafin ya ga dalilinta. Babu gwangwani, babu kututture, babu dutse a bakin ko wane shago; kafin ya dawo an kwashe su duka an ɓoye. Ƙofofin layin, daga sama har ƙasan gangara, sai buɗewa suke suna bugun bango, masu su na zaune a ciki kamar ba sa ji. A cikin akwatin mai ruwan ɗorawa wata motar ta riga ta tsaya, wani jami'in da aka turo ya duƙa yana jan sabon layin alli daga taya zuwa kwalta, a tsanake, ya miƙe shi sosai.

Mai Sawu ya rufe keken ɗinkin da mayafinsa, ya jawo ƙofar, ya sa mata kwaɗo. Ita kaɗai ta yi shiru.